Zauren Iyali: Hayar Tsohon Gida a Treichville da Roxy



Duk shekara, da zarar watan Agusta ya raba tsakiya aka fara lissafin komawar yara makaranta, sai maganar gida ta taso a majalisunmu. Magidancin da ya yi aure a ɗaki ɗaya, irin wanda mutanen garin nan ke kira entrer-coucher, yau Allah ya azurta shi da 'ya'ya uku ko huɗu, babbarsu ta fara girma, tabarma ta daina isa. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya kwashe iyali ya nufi Abobo, Anyama ko ƙarshen Yopougon, inda ake samun sabon gini mai ɗaki biyu da falo, ya riƙa fita da duku-duku yana kokawar shiga gbaka. Ko kuwa ya nemi ciki da falo a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen Treichville ko na Adjamé, kusa da kasuwa, kusa da dangi. Ra'ayinmu a nan a fili yake. Ga mai iyalin da abincinsa ke Adjamé ko Treichville, tsohon gida ya fi, muddin ya san abin da zai tambaya kafin ya miƙa kuɗi. Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa, wadda mutanenmu suka fi jin kunyar yi, ita ce: gidan nan na wane ne?

Kafin mu kai ga wannan tambaya, ya kamata mu san abin da ake nufi da tsohon gida, domin dillalai sun iya baki. Za ka ji dillali na bubbuga bango yana cewa ginin Turawa ne, tun kafin yaƙin Hitila. Wani lokaci gaskiya ya faɗa, sau da yawa kuwa rabin gaskiya ce. Faransawa sun fara kafa hedikwatar mulkinsu a Grand-Bassam a 1893, zazzaɓin shawara ya kore su zuwa Bingerville a 1900, ba su maido ta Abijan ba sai a 1934. Abin da ya fara raya garin shi ne layin dogo da aka soma shimfiɗawa a 1904, wanda aka raɗa wa suna Abidjan-Niger, ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, ya isa Wagadugu a 1954, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba; kakanninmu da suka zo fataucin goro da dabbobi sai da suka ƙarasa da mota ko da ƙafa. Turawa sun keɓe wa kansu Plateau, suka ajiye baƙar fata a gefe biyu. A arewa akwai Adjamé, bayan barikokin soja na Gallieni da Mangin waɗanda suka zama kamar katanga tsakanin unguwannin biyu. A kudu, tsallaken ruwan lagun, a tsibirin Petit-Bassam, akwai ƙauyen Anoumabo na mutanen Ebrié, wanda aka yanka filaye a wurinsa, aka haɗa shi da Plateau da gada mai shawagi a 1931, aka kuma sa masa suna Treichville a 1934 don tunawa da Bafaranshe Treich-Laplène.

A wancan lokaci duka jama'ar Abijan ba su kai 20,000 ba. Garin bai tumbatsa ba sai da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta fara aiki a 1951. Ke nan mafi yawan ɗakunan da ake kira na zamanin Turawa an gina su ne bayan yaƙin. Abin da ya girmi yaƙin shi ne shatar unguwar: titunan nan masu lamba da suka ratsa juna kamar saƙar tabarma, da filayen da aka yanka, galibi mita 20 a tsaye mita 20 a kwance. Mai fili yakan fara da jerin ɗakuna a ƙuryar gida. In ciniki ya yi kyau ya ƙara wani jeri a dama, ɗansa ya ƙara a hagu, jikansa ya toshe gaban gidan da shaguna, wani ma ya ɗora bene a kan harsashin da ba a haƙa shi don ɗaukar bene ba. Shi ya sa a gida ɗaya za ka iske bangon shekarun 1930, da ɗakin shekarun 1960, da benen shekarun 1990, duk suna kallon tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Wannan shi ne cour commune, gidan haya na taro, wanda ya zama tushen zaman Abijan har wasu masana uku, Antoine da Dubresson da Manou-Savina, suka rubuta littafi sukutum a kansa a 1987. Ƙidayar 2021 ta nuna Adjamé na da mutum sama da 340,000, Treichville kuwa kimanin 107,000, kuma kaso mai yawa na waɗannan bayin Allah a irin wannan gida suke kwana.

To, me ya sa muka ce ya fi? Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗakin da aka gina kafin a san na'urar sanyaya ɗaki an gina shi ne don ya sha iska da kansa: bango mai kauri, rufi mai tsawo, taga mai tsaga-tsaga ta katako wadda iska ke ratsawa ko tana rufe, wani lokaci har da baranda. A watan Maris, lokacin da sabon ɗakin bulo mai gajeren silin ke zama tanda, jariri na iya barci a irin wannan ɗaki da fanka kaɗai. Ban da haka akwai unguwar kanta. A Treichville yaro ɗan shekara bakwai ya san lambar Avenue da lambar Rue ta gidansu, in ya ɓace kowa na iya maido shi, abin da ba ya samuwa a sabbin unguwanni inda kwatance ke farawa da "bayan kantin magani". Asibitin Treichville, wanda aka gina a 1938, yana nan kusa. Makarantun boko da na allo ana zuwa da ƙafa. Kasuwa da masallaci haka nan. Maigida na iya dawowa cin abincin rana, ya ga wanda ya je makaranta da wanda ya maƙale. Kuɗin gbaka da woro-woro da zai kashe shi da 'ya'yansa a wata, in ya zauna nesa, sau da yawa ya cinye sauƙin hayar da ya bi.

Sai kuma tsakar gida, wadda ita ce dukiyar da ba a rubutawa a takarda. Matar da ta haihu a cour commune ba ta rasa mai ɗebo mata ruwa. Yaron da ya nufi titi akwai idanu goma a kansa. A gida ɗaya za ka iske Bajula da Mosi da Bayarabe da Baule da ɗan Senegal, Musulmi da Kirista, kowa ya san lokacin azumin kowa. Illarsa ɗaya da muke gani, kuma za mu ware mata fili wata rana, ita ce yaranmu na tashi da Faransancin titi da Julanci, Hausa kuwa sai ta gaisuwa.

Duk da haka, ginin da ya shekara saba'in ko tamanin a garin da ruwan sama da gishirin teku ke ci dare da rana, dole a dube shi da idon basira. Lokacin da ya fi dacewa a ga gida a Abijan shi ne watan Yuni, washegarin ruwa mai ƙarfi, ranar da dillali ba ya son ɗaga waya. Wanda bai samu haka ba sai ya karanta bango. Ruwan da ya taɓa shiga ɗaki yakan bar zane a ƙasan bango, sabon fentin da aka shafa iya gwiwa kawai kuma yana da abin da yake ɓoyewa. A tsaya a bakin ƙofa a kwatanta tsayin titi da na tsakar gida. An sha yi wa titunan nan ciko da kwalta a tsawon shekaru, titi ya hau, gida ya zauna inda yake, har wasu gidaje sai an sauka mataki biyu kafin a shiga. Irin wannan gida kwatar unguwa ce ke kai masa ziyara. Treichville shimfiɗaɗɗen yashi ne, ruwan ƙasa na kusa, saboda haka ramin masai na saurin cika: a tambayi matan gidan sau nawa ake kiran motar kwashewa a shekara, kuma wa ke biya. Adjamé kuwa tudu ne mai gangare, ruwansa na gangarawa wajen Indénié da wajen Banco, don haka gidan da ke ƙasan gangare shi ke karɓar na kowa.

A ɗaga kai a dubi sama. Inda siminti ya kumbura ya fashe, ƙarfe ya leƙo da tsatsa, musamman a ƙarƙashin baranda ko matakala, alama ce cewa laima ta kai ga rodi, kuma fenti ba ya maganinta. Tsagar da ta bi bango a karkace, wadda ta fi faɗi a sama, a kira magini ya gani kafin a kawo yara. Wasu tsofaffin rufi ba kwano ba ne, fale-falen siminti ne masu launin toka, waɗanda a da ake haɗawa da sinadarin da Faransawa ke kira amiante. In suna zaune lafiya a bar su, amma kada a yarda a fasa su ko a yanka su da zarto iyali na ciki, domin ƙurarsu na lalata huhu bayan shekaru masu yawa. Haka tsohon fentin mai da ke ɓarewa a ƙofofi da tagogi: irin na da yakan ƙunshi dalma, yaro mai rarrafe kuwa komai baki yake kaiwa, dalma kuma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da ya yi zazzaɓin da zai sa a lura ba. A kankare shi da jiƙaƙƙen tsumma yara ba sa nan, a shafe da sabo. Wayoyin wuta ma abin dubawa ne. An ja su ne a zamanin ƙwai biyu da rediyo, yau kuma ana ɗora musu firji da dutsen guga da injin daskarar da ƙanƙarar sayarwa.

Maganar wuta ta kawo mu ga abin da ya fi raba zumunci a gidan taro, wato mita ɗaya. Inda ɗaki takwas ke shan wuta daga mita ɗaya ta CIE, ruwa daga mita ɗaya ta SODECI, ƙarshen kowane lissafi faɗa ne: wannan na da firji, wancan baƙi sun sauka masa, wance wanki take yi na kuɗi. Mai neman gida ya nemi a nuna masa takardar biya ta ƙarshe ya ga ko akwai bashin wanda ya tashi, ya tambayi yadda ake rabo, da kai ne ko da ɗaki ko da ƙwan lantarki. In da hali ya nemi izinin sa tasa mitar mai kati tun kafin ya shiga, a rubuta wanda zai biya kuɗin sawa.

Duk waɗannan ido na gani, kuɗi na gyarawa. Wanda ido ba ya gani shi ne wanda muka fara da shi. Mutumin da aka ba fili a Treichville ko Adjamé a shekarun 1930 ko 1940 ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa ma da yawa sun bi shi. Takardar da aka ba shi a lokacin sau da yawa izinin zama ce kawai, permis d'habiter, alhali tun 2013 takardar da hukuma ke bayarwa ta mallakar fili a birni ita ce wadda ake kira ACD. Gidaje da yawa har yau suna kan sunan kakan, ba a raba gado ba, ba a sabunta takarda ba. Magada kuwa sun kai ashirin ko talatin, 'yan ɗaki biyu ko uku, wasu na Bamako, wasu na Dakar ko Yamai, wasu na Faransa. Wanda ke zaune a ɗakin bakin ƙofa yana karɓar haya, kowa na ce masa mai gida, ƙila kashi ɗaya cikin goma sha biyar yake da shi, ƙila ma ɗan 'yar'uwa ne da aka bar wa tsaro.

Mu da muka tashi a gidan liman mun ga ƙarshen wannan a zaure, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Magidanci ya biya watanni a gaba, ya gyara rufi da kuɗinsa, ya sa yara makarantar unguwa. Bayan wata biyar wani ya sauko daga jirgi da takarda a hannu, ya ce shi ne wakilin magada, wancan da ya karɓi kuɗi ba shi da iko, a sake biya ko a fita. Ko kuwa magada su gaji da rigima su sayar wa mai kuɗi, a wayi gari an zo awon fili za a tada bene mai hawa shida. Sai a taho wurin liman a ce ya sa baki. Liman zai kira ɓangarorin, zai yi nasiha, wani lokaci a samu a ƙara wa mutum wata biyu. Amma tambayar farko da dattawan zaure ke yi ita ce ina takarda, amsar da aka fi ji kuwa ita ce: "Ai Alhaji mutumin kirki ne, mun yi magana." Alhaji mutumin kirki ne, ba mu musa ba. Sai dai Alhaji na iya rasuwa a watan gobe, waɗanda za su gaje shi kuma ba su ji maganar da aka yi ba.

Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa riƙo da rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malam ya wuce ta babin ciniki da ijara, ya kuma san cewa malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a san abin da aka ba da haya da kuɗinsa ba tare da duhu ba. Amma da an zo gaban dattijo mai gida sai kunya ta rufe mu, mu ga kamar neman takarda tuhuma ce. Akwai hanyar faɗa da ba ta zubar da girman kowa. A ce masa: "Baba, saboda rai da mutuwa, mu rubuta." Ba mu taɓa ganin dattijon kirki ya ƙi wannan magana ba. Wanda ya ƙi ta kuwa ya riga ya ba da amsar tambayar.

Saboda haka, kafin a biya ko dala, a tambayi tsofaffin 'yan hayan gidan, a keɓe, wa suke ba kuɗi, tun yaushe, kuma ko wani ya taɓa zuwa ya ce a daina ba shi. A tambayi mai karɓar kuɗin kai tsaye ko shi ne mai gida ko wakili. In wakili ne, ya nuna takardar wakilci da magada suka sa wa hannu, wadda ta fi ƙarfi in ta bi ta hannun notaire, a ɗauki hotonta tare da katin shaidarsa. A tambayi mai unguwa ko limamin masallacin layin ko gidan na gaban kotu, ko ana maganar sayar da shi. Irin wannan labari ba ya ɓuya a unguwa. Dillali kuwa, komai daɗin bakinsa, ba shi ne mai gida ba. Kada a damƙa masa kuɗin haya ko na ajiya, nasa ladan kawai za a ba shi, bayan an sa hannu an karɓi makulli. An sha ganin ɗaki ɗaya da aka karɓar wa kuɗi daga mutum uku.

Dokar ƙasa a yau tana bayan ɗan haya fiye da yadda mutanenmu suka sani. A da mai gida na iya neman watanni shida, takwas, har shekara, kafin ya ba da makulli. Dokar 13 ga Yuni 2018 kan hayar gidan zama, wadda aka shigar cikin kundin dokokin gini da muhalli na 26 ga Yuni 2019, ta taƙaita abin: kuɗin gaba, wato avance, kada ya wuce na wata biyu, kuɗin ajiya, wato caution, shi ma kada ya wuce na wata biyu. Ta wajabta a rubuta yarjejeniya, a kuma yi mata rajista a ofishin haraji. Wannan rajista, wadda mutane ke gudu saboda ɗan kuɗin da ake biya, ita ce ke ba takardar tabbatacciyar rana wadda magaji ko mai saye ba zai iya cewa jiya aka ƙirƙire ta ba. Dokar ta ce ba a sake duba kuɗin haya sai bayan shekara uku, manyan gyare-gyare na kan mai gida, kuɗin ajiya kuma a mayar cikin wata ɗaya bayan an miƙa makulli, a cire abin da ɗan haya ya ɓata kawai. Korar ɗan haya sai da hukuncin kotu, ma'aikacin shari'a da ake kira commissaire de justice ne ke zartarwa. Cire ƙofa, kwance kwano ko yanke ruwa don a tilasta wa mutum fita, doka ba ta yarda da shi ba.

Ko da an bi doka, kuɗin shiga ba wasa ba ne. A ce haya sefa 60,000 ce a wata. Wata biyu na gaba 120,000, wata biyu na ajiya 120,000, ladan dillali da aka saba bayarwa na wata ɗaya 60,000: jimla 300,000. Mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa tun Janairun 2023 sefa 75,000 ne, wato albashin wata huɗu cur na ƙaramin ma'aikaci. Mun san kuma har yanzu akwai masu gida da ke neman fiye da haka a ɓoye, suna cewa in ba ka so ga wani na jira. Wanda larura ta sa ya biya, aƙalla ya karɓi rasit da ya faɗi adadin da abin da aka biya dominsa. Mai gidan da ya karɓi wata shida ya rubuta wata huɗu, ranar fita wata huɗu zai tuna.

A tsohon gida akwai takarda ta biyu da ta kusa kai ta farko muhimmanci, ita ce ta bayanin halin da aka iske ɗaki, état des lieux. A sabon gini ba ta da wahala. A ginin da ya girmi mai hayarsa kuwa, kowace tsaga da kowane yoyo da kowace taga mai karyayyen katako, in ba a rubuta ranar shiga ba, ranar fita za ta zama laifin yaranka, a cinye kuɗin ajiya a kanta. A zagaya tare da mai gida da shaidu biyu, a rubuta, a ɗauki hoto da waya, kowa ya sa hannu. In an yi da shi cewa ɗan haya zai gyara rufi a cire daga haya, a rubuta adadin da watannin da za a cire.

Roxy na da tata magana daban. Unguwar ta samo sunanta daga tsohon gidan silima, amma yau duk Abijan ta san ta da kasuwa, musamman ta magungunan bakin titi, wadda jami'an tsaro suka yi wa babban samame a watan Mayun 2017. Ga ɗan kasuwa babu inda ya kai ta: ga kasuwar Gouro, ga Forum, ga babban titin Nangui Abrogoua, ga tashoshin mota. Ga mai ƙananan yara kuwa sai an yi zaɓe. Gidan da ke bakin babban titi, inda masu tura amalanke da gbaka ke gogayya tun asuba, da gidan da ke layi na uku a ciki, duniya biyu ce. Babban abin lura shi ne yadda kasuwa ke cinye gidaje ɗaki bayan ɗaki. Ɗan kasuwa zai biya kuɗin mangaza fiye da abin da mai iyali zai iya biya na kwana, don haka duk ɗakin da aka tashi sai a mai da shi wurin ajiyar kaya. In ka shiga gida ka ga rabin ƙofofin ƙarfe ne da manyan kwaɗo, babu igiyar shanya, babu murhu, ka san cewa tsakar gidan da ka zo nema ta riga ta mutu, kuma ɗakinka na cikin lissafi. Ga haɗarin gobara inda aka tara katifu, robobi da atamfa bango ɗaya da inda yara ke kwana. Waɗanda suka ga yadda babbar kasuwar Treichville ta ƙone a 1997 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Mu ma kanmu sai mu kiyaye. Hayar wurin sana'a dokarta daban ce, ta OHADA, kuma wanda ya karɓi ɗaki da sunan kwana ya cika shi da dilolin kaya ya ba mai gida hujja a kansa.

A dubi maƙwabtan gidan ta waje kuma. In ana haƙa harsashin bene a jikin katangar tsohon gida, a nemi allon da ke nuna lambar izinin gini. A Fabrairun 2022 wani bene da ake kan ginawa ya rufta a Treichville, aka rasa rayuka. A lura da alamar jan fenti a bangaye, a tambayi ofishin magajin gari ko layin na kan hanyar wani aiki. Aikin jirgin ƙasa na cikin gari ya ci gidaje a gefen tsohon layin dogo, a 2024 kuma an rushe Boribana da wani sashe na Adjamé-village. A irin wannan rana ɗan hayan da ba shi da takarda ko sunansa ba ya shiga lissafi.

Abu na ƙarshe da za mu roƙi 'yan'uwanmu maza: kada a kama gida uwargida ba ta gani ba. Maigida zai fita da safe ya dawo da dare, ita ce za ta yini a ciki. Ita za ta lura cewa makewayi biyu ne ga mutum arba'in, cewa na mata na kallon inda samari ke zaman shayi, cewa babu inda za a kafa murhu in ana ruwa, cewa akwai rijiya marar murfi a bayan ɗaki. Minti goma da za ta yi da matan gidan a bakin famfo za ta jiyo abin da dillali ba zai faɗa ba a wata guda, har da sunan wanda ke karɓar haya na gaskiya. A je sau biyu: sau ɗaya da ƙarfe shida na safe, lokacin layin wanka, sau ɗaya kuma daren Asabar bayan isha'i, lokacin da mashayar da ke bayan katanga ke kunna kiɗanta.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki takardar yarjejeniyar hayar kanta, mu bi ta sashe-sashe da Hausa, domin masu sa hannu a kan Faransancin da ba a karanta musu ba.